Gadon Gidan Berkeley: Shekara 192 Ana Shari'a a Kan Ƙasar da Ba a Raba Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata maƙala da ta fito a shafin ra'ayi na jaridarku kwanakin baya, wadda marubucinta ya koka da yadda gonakin gado suke tsattsagewa a hannun magada har kowa ya tashi da 'yan kunyoyin da ba za su ciyar da iyalinsa ba. Kukan nasa yana da tushe, kuma ban zo musa shi ba. Inda na tsaya shi ne misalin da ya kawo, domin ya ce mutanen Ingila na zamanin da sun huta da rigimar gado saboda babban ɗa namiji ne yake ɗaukar ƙasa gaba ɗaya, kuma komai nasu a rubuce yake. Na yi shekaru ina koyar da tarihi kafin in yi ritaya, kuma akwai gida guda a ƙasar Ingila wanda labarinsa kaɗai ya isa ya sa a sake duba wannan magana, wato gidan Berkeley, wanda masu shi suke furta sunansa kamar "Bakli".

Garin Berkeley yana yammacin Ingila, a lardin Gloucester, kusa da kogin Severn, tsakanin birnin Bristol da birnin Gloucester. Abin da aka yi rigima a kansa shi ne fadar dutse mai ganuwa da ke garin, tare da gandaye masu yawa da ke kewaye da ita. Ya kamata in fayyace abin da nake nufi da gandu a nan, domin ya fi gona faɗi. Gandun ubangida a Ingila ta wancan zamani ƙauye ne sukutum da gonakinsa da makiyayarsa da dajinsa da injin niƙansa, wani yanki ubangida yana nomawa don kansa, sauran kuma talakawa suna riƙe da shi bisa sharaɗin biyan haya ko yi masa aiki na wasu kwanaki. Kowane gandu yana da kotunsa, inda wakilin ubangida yake zama ya ci tarar wanda shanunsa suka yi ɓarna, ya kuma rubuta sunan ɗan da ya gaji filin ubansa. Saboda haka wanda ya gaji gandu ya gaji kuɗin shiga da mutane da iko a lokaci guda, kuma shi ma ubangidan a hannun sarki yake riƙe da ƙasar, bisa alkawarin kawo mayaƙa idan yaƙi ya tashi.

Tun farkon kafuwar gidan an fara ne da ƙwace. A zamanin yaƙin basasar da aka yi tsakanin Sarki Stephen da 'yar'uwarsa Matilda, wanda ya ci kusan shekara 20 daga 1135, wani attajirin Bristol mai suna Robert Fitzharding ya tallafa wa ɗan Matilda da dukiya. Da wannan ɗan ya yi rinjaye, ya hau gadon sarauta a 1154 da sunan Henry na Biyu, sai Berkeley ta tabbata a hannun attajirin, aka bar tsohon mai ita, Roger, da gandun Dursley. Don kada wutar ta sake tashi aka ɗaura aure biyu: ɗan Robert, mai suna Maurice, ya auri 'yar Roger, shi kuma ɗan Roger ya auri 'yar Robert. Zuri'ar Maurice ce ta ɗauki sunan garin ta mai da shi sunan gida. Bayan fiye da shekara 300, wani shugaban gidan ibada na Bristol mai suna John Newland, wanda gidan ibadar tasu Robert ne ya gina ta, ya rubuta salsalar gidan ya ce mahaifin Robert ɗan sarkin Denmak ne. Masana tarihi ba su karɓi wannan ba, sun fi karkata ga cewa kakan Robert wani babban bafaden Ingila ne mai suna Eadnoth, wanda aka kashe a yaƙi a 1068. Duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana jero asalin ubangidansa ya san yadda ake ƙara wa salsala gishiri, kuma rubuta ta a kan fata bai hana a ƙara mata ba.

Wanda ya zauna zai zana salsalar wannan gida sai ya yi haƙuri, kuma ni kaina sai da na yayyaga takarda uku kafin ta miƙe mini, saboda sunaye biyu ne suke karɓa-karɓa. Thomas da ya rasu a 1243 ya haifi Maurice, Maurice ya haifi Thomas, haka aka yi ta mayar da sunan kaka ga jika har zuwa Thomas da ya rasu a 1417, wanda shi ne na huɗu mai wannan suna a jerin. Wakilin gidan na ƙarni na 17, John Smyth mutumin Nibley, wanda ya kwashe shekaru yana tonon akwatunan takardun fadar kuma daga gare shi aka samu mafi yawan abin da zan faɗa, ya warware matsalar kamar yadda mu ma muke yi wa takwarori, wato ya raɗa wa kowa laƙabi. Akwai Thomas Mai Arziki, da Thomas Mai Alfarma, da James Adali, da William Almubazzari, da Maurice Lauya.

Dokar gadon ƙasa a Ingila ta wancan lokaci tana da sauƙin faɗa muddin akwai ɗa namiji, domin babban ɗa ne yake ɗauke komai, ƙannensa su nemi abin yi a yaƙi ko a coci ko wajen auren mace mai dukiya. Idan babu ɗa namiji, 'ya'ya mata suna raba ƙasar daidai a tsakaninsu, kuma 'yar mamaci tana gaba da ƙaninsa da ɗan ƙaninsa. Matar mamaci tana cin sulusin ƙasar iya rayuwarta, mijin magajiya kuma, idan sun taɓa haihuwa, yana riƙe da ƙasar matarsa har mutuwarsa ko da ta riga shi rasuwa. Ba a yarda mutum ya ba da irin wannan ƙasa ta hanyar wasiyya ba sai bayan dokar 1540. Idan babban mai ƙasa ya rasu, jami'in sarki yakan tara mutanen yankin ya rantsar da su, su faɗi abin da mamacin ya bari da kimarsa da wanda ya fi kusa da shi da shekarunsa, kuma idan magajin bai kai shekara 21 ba sarki ne yake cin amfanin ƙasar, har ya sayar da auren yaron ga wanda ya fi taya shi. A irin waɗannan zaman ne ake jin dattijo yana shaidar shekarun magaji da cewa ya tuna ranar da aka yi wa yaron wankan coci saboda shi ya riƙe fitila, ko kuma saboda a ranar ya faɗo daga doki ya karye.

To amma masu ƙasa ba su son ganin gandayensu sun bi 'ya mace zuwa gidan miji, sunan gida ya mutu. Dokar da Sarki Edward na Ɗaya ya kafa a 1285 ta ba su hanyar ƙulle gado, wato mutum ya tsara tun yana raye cewa ƙasarsa za ta bi wani layi na zuri'arsa, kuma na baya ba su da ikon karkatar da ita. A 1349, shekarar da annobar nan da ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa take tsakiyar ɓarna a Ingila, Thomas Mai Arziki ya ƙulle fadar Berkeley da manyan gandayenta, irin su Wotton da Cam da Slimbridge, ga magada maza kaɗai. Daga ranar ƙa'idoji biyu suka hau kan dukiyar gida ɗaya: abin da aka ƙulle yana bin namiji mafi kusa, abin da ba a ƙulle ba yana bin jini mafi kusa ko da mace ce. Shekara 68 babu wanda ya ji ciwon wannan, domin uba yana mutuwa ɗa yana hawa.

Jikansa, Thomas Mai Alfarma, an aurar masa da Margaret magajiyar gidan Lisle tun suna yara a 1367. Ta haifa masa 'ya guda, Elizabeth, ta rasu a 1392, shi kuma ya zauna shekara 25 bai sake aure ba, abin mamaki ga mutumin da ya san abin da ke cikin akwatin kakansa. Ya aurar da Elizabeth ga Richard Beauchamp mai sarautar Warwick, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a ƙasar kuma na hannun daman Sarki Henry na Biyar. A ɗaya gefen akwai James, ɗan ƙaninsa, maraya tun 1405. Thomas ya rasu a watan Yuli na 1417, James yana nesa, Elizabeth da mijinta suna kusa, saboda haka kafin James ya iso sun shiga fadar, sun kama karɓar haya da zaman kotunan gandaye, sun kuma kwashe takardun shaida. A nan nake son marubucin maƙalar ya dakata ya duba, domin abin da aka fara kai wa hannu shi ne rubutun da yake yabo. Wanda ya riƙe akwatin takardu shi yake zaɓar wadda za a nuna wa alƙali da wadda za a ɓoye.

Ba a bar Elizabeth hannu rabbana ba, domin ƙasashen Lisle da ta gada daga mahaifiyarta nata ne babu musu, haka ma abin da mahaifinta ya mallaka wanda ba ya cikin ƙullin. Mutanen da aka rantsar a lardin Gloucester sun tabbatar cewa fadar da gandayen da aka ƙulle na James ne. Sai dai hukunci a takarda daban, ƙarfin karɓa daban, kuma James matashi ne da ba shi da kowa, don haka sai da ya nemi inuwar Humphrey ƙanin sarki, ya biya shi da tsada, kafin ya samu shiga gadonsa a 1421. Na taɓa lissafa wa ɗalibaina wannan gado bisa ƙa'idar fara'il don su ga bambancin: 'ya mace tilo tana da rabi, saura kuma ya tafi ga asaba, wanda ɗan ƙanin mamaci yana cikinsu muddin babu wanda ya fi shi kusa. Da haka aka yi, da kowa ya san kasonsa tun ranar makoki, amma kuma da an tsaga ƙasar biyu, wanda shi ne ainihin abin da ƙullin 1349 ya zo hanawa.

Elizabeth ta rasu a 1422 ta bar 'ya'ya mata uku. Aka yi sulhun da ya bar wa mijinta Wotton da wasu gandaye iya rayuwarsa, kuma an samu ɗan lafawa har ya rasu a birnin Rouen na Faransa a 1439. Tsugune ba ta ƙare ba, domin 'ya'yan uku duk manya suka aura, kuma babbarsu, Margaret, matar John Talbot ce, jarumin da ya yi suna a yaƙin Ingila da Faransa, wanda aka naɗa sarautar Shrewsbury a 1442. Ita ce ta ɗauki rigimar a ka har ƙarshen ranta. Smyth ya ba da labarin ranar da ɗanta ya aiko da yaransa Wotton su miƙa wa James sammacin kotu. James ya sa aka lakaɗa musu duka, sannan ya tilasta wa wanda ya kawo sammacin ya cinye shi, da fatar da aka yi rubutun a kai da hatimin kakin zumar da ke rataye a jikinta. Wannan shi ne mutumin da aka yi wa laƙabi da Adali, kuma ya kamata mai karatu ya tuna cewa wanda ya raɗa laƙabin albashin gidan yake ci.

Ramuwar ta zo a 1451, lokacin da mutanen Talbot suka yi amfani da wani baran gidan aka buɗe musu ƙofar fada, suka kama James da 'ya'yansa maza, suka tsare su na makonni har sai da suka sa hannu a takardun sallama gandaye da na amincewa da bashi mai nauyi. Matar James, Isabel, 'yar gidan Mowbray masu sarautar Norfolk, ita ce take zirga-zirga zuwa Landan tana bin shari'ar mijinta, kuma akwai wasiƙarta da ta tsira inda take gargaɗinsa da ya kula da kansa, kada kuma ya yi wata yarjejeniya sai ta dawo. A kan wannan hanya ta shari'a aka kama ta a Gloucester bisa umarnin Margaret, aka kulle ta, ta mutu a tsare a 1452. Shekara guda bayan haka aka kashe John Talbot da ɗansa a yaƙin Castillon, wanda da shi aka rufe yaƙin shekara 100 tsakanin Ingila da Faransa, kuma a wannan tafiya James ma ya rasa ɗa guda, aka kama wani. Margaret ta koma gwauruwa mai renon jika, shi kuma James ya auri Joan, 'yar Talbot ta wajen uwargidansa ta farko, domin 'yan ubancin da ke cikin gidan Talbot ya sa 'ya'yan matar farko ba su ga-maciji da Margaret.

James ya rasu a 1463, Margaret a 1467, magada suka ɗora daga inda aka tsaya. A wannan karo William ɗan James ne, mutum mai shekara 40 da 'yan kai wanda ya ɗanɗani ɗaurin 1451, yake fuskantar jikan Margaret, Thomas Talbot mai sarautar Lisle, saurayi ɗan kimanin shekara 20 da ke zaune a Wotton. A ranar 19 ga Maris 1470 saurayin ya aika wa William wasiƙar ƙalubale, ya ce ya sa rana da wuri su raba gardama da makami. William ya mayar da amsa a ranar, ya ce gobe da safe a filin Nibley. A cikin dare ɗaya ya tara mutum kimanin 1,000, har da ƙannensa Maurice da Thomas, da masu haƙar ma'adinai daga dajin Dean na ƙetaren kogi, da mutanen da attajiran Bristol suka aiko, ciki har da surukin Maurice mai suna Philip Mede. Wannan gaggawa ta nuna cewa a shirye yake tun kafin wasiƙar ta iso. Thomas Talbot kuwa bai wuce mutum 300 ba, galibinsu talakawan gandayensa.

Da gari ya waye mutanen William suna ɓoye a bakin daji, na Talbot suka gangaro daga tudu zuwa wani ɗan rafi. Saurayin bai sauke murfin kwalkwalinsa ba, kibiya ta same shi a fuska, ya faɗo daga doki, aka ƙarasa shi da wuƙa. Mutanensa suka watse, na William suka bi su har Wotton suka wawashe gidan, suka kwashe kaya da takardu. Matar Thomas Talbot tana da tsohon ciki, bayan 'yan kwanaki ta haifi ɗa namiji babu rai, layin maza na gidan Lisle ya yanke. Smyth ya rubuta cewa ya ji labarin daga bakin tsofaffin yankin, waɗanda iyayensu suka hau bishiyoyi suna yara suka kalli faɗan. Ana lissafa wannan a matsayin yaƙi na ƙarshe da manyan masu ƙasa biyu suka yi da rundunonin kansu a Ingila. Sarki Edward na Huɗu yana can yana fama da tawaye a lardin Lincoln, kafin shekarar ta ƙare ma an kore shi daga mulki na ɗan lokaci, don haka babu wanda ya hukunta William, kuma ƙarar da gwauruwar ta shigar ta ƙare da biyan ta fam 100 a shekara.

Abin da William ya yi da nasarar ya fi ba ni mamaki fiye da yaƙin. 'Ya'yansa sun mutu suna ƙanana, magajinsa na halal shi ne ƙaninsa Maurice, wanda ya tsaya masa a filin Nibley. William ya samu rabin dukiyar gidan Mowbray ta wajen mahaifiyarsa bayan 1481, amma sai ya shiga musayar ƙasa da laƙabin sarauta, yana ba sarakuna da fadawansu gandaye suna ɗaga masa daraja mataki-mataki. A ƙarshe ya tsara cewa fadar Berkeley da gandayenta su koma hannun Sarki Henry na Bakwai da magadansa maza, sai in sun ƙare sannan su dawo gida. Dalilin da aka ce ya bayar shi ne wai Maurice ya zubar da darajar gida da ya auri 'yar ɗan kasuwar Bristol. Wannan magana ta fito ne daga bakin mutumin da kakansa na farko ɗan kasuwar Bristol ne, a kan 'yar mutumin da ya aiko masa da mayaƙa ranar da yake bukata. William ya rasu a 1492, fadar da aka zubar da jini don kada ta fita daga hannun maza na gidan ta fita ta hannun namijin da ya ci yaƙin.

Maurice bai ɗauki makami ba. Ya rungumi takardu, shi da ɗansa suna bin kotuna suna tonon kurakuran da ke cikin kyaututtukan da wansa ya yi, har ya dawo da gandaye da yawa kafin ya rasu a 1506, daga nan laƙabinsa na Lauya ya samo asali. Fadar kuwa ta zauna shekara 61 a hannun sarauta, sai da Sarki Edward na Shida ya rasu a 1553 yana yaro ba shi da ɗa, layin maza na Henry na Bakwai ya ƙare, sannan ta dawo ga Henry Berkeley, tattaɓa-kunnen Maurice. Irin ƙullin da ya hana Elizabeth gadon mahaifinta shi ne ya hana 'yan'uwan sarki mata, Mary da Elizabeth, riƙe Berkeley duk da cewa sun gaji gadon sarautar Ingila.

Da'awar ɓangaren Lisle kuwa ta bi ta hannun mata tana sauya sunan gida. 'Yar'uwar saurayin da aka kashe ta kai ta gidan Grey, 'yarta ta kai ta gidan Dudley, kuma a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya sai ga ta a hannun Robert Dudley mai sarautar Leicester, wanda babu wanda ya kai shi fada a wajen sarauniyar, da wansa Ambrose. Aka farfaɗo da tsohuwar shari'a, Henry Berkeley ya sake rasa Wotton da wasu gandaye, bayan shekara 100 da yaƙin Nibley. Da 'yan Dudley suka mutu babu ɗan halal namiji, da'awar ta bi 'yar'uwarsu zuwa gidan Sidney, kuma sai a 1609 Henry Berkeley ya biya Robert Sidney kuɗi masu yawa aka rufe maganar. Daga 1417 zuwa 1609 shekara 192 ke nan, kuma duk wanda ya shiga wannan shari'a daga kowane ɓangare jinin Maurice mahaifin Thomas Mai Alfarma ne, ko kuma abokin auren jininsa.

Na yarda da marubucin maƙalar a abu guda, wato cewa ƙasar ta zauna a dunƙule, kuma wannan ne ya ba gidan ƙarfin daɗewa. Abin da ya bari a baya shi ne waɗanda suka biya kuɗin wannan dunƙulewa. Akwai 'ya'ya mata da ƙanne maza da dokar ta ajiye a gefe, waɗanda ba su taɓa yarda a ransu cewa ba su da haƙƙi ba, sannan akwai talakawan Wotton da na Berkeley, waɗanda garuruwansu aka yi ta kai wa farmaki bi da bi, waɗanda kuma aka kwasa da safiyar 20 ga Maris 1470 su tsaya gaban kibau a kan wata takarda da aka hatimce shekara 121 kafin ranar. Manomin da ke riƙe da fili a irin wannan gandu, idan wakilai biyu suna iƙirarin kotu ɗaya, duk wanda ya biya haya ya zama abokin gaban ɗayan. Kuma tsarin babban ɗa ya ɗauki komai yana tafiya lafiya ne kawai idan an samu ɗan, alhali a cikin wannan labari kaɗai Thomas Mai Alfarma bai samu ba, Richard Beauchamp bai samu da Elizabeth ba, Thomas Talbot bai samu ba, William bai bar ko ɗaya ba, Sarki Edward na Shida da 'yan Dudley ma haka.

Har yau fadar Berkeley tana hannun masu wannan suna, kuma ana buɗe ta ga masu yawon buɗe ido, waɗanda galibinsu suke zuwa ganin ɗakin da aka tsare Sarki Edward na Biyu kafin mutuwarsa a 1327. Amma ko a ƙarnin da ya wuce sai da aka sake komawa ga salsala, domin da mai sarautar gidan na ƙarshe ya rasu a 1942 ba shi da ɗa, fadar ta koma ga wani dangi na nesa daga reshen gidan da ke Spetchley a lardin Worcester, wanda sai an hau salsala har zuwa James da matarsa Isabel, wadda ta mutu a kurkukun Gloucester, kafin a samu kakan da ya haɗa su.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin tarihi, daga Zariya